Holly Springs bayan yaƙi: tambayoyi da amsoshi kan ƙwace ƙuri'ar baƙaƙen fata da annobar shawara ta 1878

Duk lokacin da aka taɓo tarihin baƙaƙen fatar Amurka, musamman in sunan Ida B. Wells, 'yar jaridar nan baƙar fata da ta yaƙi kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe, ya fito, sai ka ga tambayoyi iri ɗaya suna ta dawowa daga ɗalibai da masu sha'awar tarihi har da 'yan uwanmu da ke zaune can. Shi ya sa na tattaro su wuri guda, na amsa gwargwadon hali. Garinsu Ida, Holly Springs, ƙarami ne amma abin da ya faru a cikinsa tsakanin 1865 da 1890 ya daɗe yana tsaya min a rai.

Wai ina ne ma Holly Springs ɗin, kuma wane yaƙi ake nufi?

Gari ne a arewacin jihar Misisipi, shi ne hedikwatar gundumar Marshall, kamar kilomita 70 daga birnin Memphis ta kudu maso gabas. Ƙasar auduga ce, kuma kafin yaƙi bayi sun fi fararen fata yawa a gundumar. Yaƙin kuwa shi ne yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda jihohin Kudu suka ɓalle don su riƙe bauta. Garin ya ɗanɗana kuɗarsa, a Disambar 1862 dakarun Kudu ƙarƙashin Janar Van Dorn suka afka masa suka ƙone rumbunan kayan yaƙin da Janar Grant na ɓangaren tarayya ya tara a wurin. A wannan shekarar ce dai, ranar 16 ga Yuli, aka haifi Ida B. Wells a garin, tana baiwa 'yar bayi.

Da aka 'yanta bayi, nan take suka fara zaɓe?

A'a, sai da aka sha fama. An soke bauta a 1865 da gyara na 13 na kundin tsarin mulki, amma a shekarar nan majalisar Misisipi, wadda duk turawa ne, ta yi wasu dokoki na musamman don baƙaƙe, mutum in ba shi da takardar shaidar yana yi wa wani aiki sai a kama shi a ce ɗan zaman kashe wando ne a ci shi tara, in ya kasa biya a miƙa shi ga wanda zai biya ya yi masa aiki, ka ga bauta ce ta sake riga kawai. Wannan ya fusata majalisar tarayya, daga 1867 ta sa Kudu ƙarƙashin kulawar soja ta ce sai an yi wa maza baƙaƙe rajista. Gyara na 14 ya zo a 1868 ya ba su zama 'yan ƙasa, na 15 a 1870 ya hana a hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Maza kawai fa, mata ba su shiga ba ko fari ko baƙi.

Kuma sun yi amfani da damar sosai. A 1870 Hiram Revels ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka, daga Misisipi, daga baya ya zauna a Holly Springs yana aikin coci kuma a can kabarinsa yake. Makarantar da yanzu ake kira Rust College an kafa ta a garin tun 1866 don 'yantattun bayi, lokacin ana ce mata Shaw, manya da yara suna zama aji ɗaya suna koyon baƙi, har mahaifiyar Ida ta je ta koyi karatu tare da 'ya'yanta.

Mene ne labarin kafintan nan da aka kora saboda ƙuri'a?

James Wells ke nan, mahaifin Ida. Kafinta ne gwani, tun yana bawa aka kai shi koyon sana'a wurin wani magini bature mai suna Spires Bolling, bayan 'yanci ya ci gaba da yi masa aiki ana biyansa, iyalinsa ma a filin mutumin suke zaune. Da zaɓe ya zo maigidan ya so ya zaɓi Dimokurat, wadda a lokacin ita ce jam'iyyar tsofaffin masu bayi, shi kuwa ya ƙi. Ya dawo daga rumfar zaɓe ya tarar an garƙame masa shago. Bai tsaya roƙo ba, ya shiga gari ya sayi sababbin kayan aiki, ya kama hayar gida ya kwashe iyalinsa.

Ida ce ta ba da wannan labarin a tarihin rayuwarta, ta kuma tuna yadda take karanta wa babanta da abokansa jarida tana ƙarama, da yadda mahaifiyarta Lizzie ke kai kawo a ɗaki cikin dare in ya tafi taron siyasa, don sunan Ku Klux Klan, ƙungiyar turawa masu kai wa baƙaƙe hari, ya riga ya shiga kunnen kowa. Ku riƙe sunan James Wells ɗin nan, zai dawo a amsar da ta shafi waɗanda suka tsaya lokacin annoba.

To in doka ta ba su ƙuri'a, ta yaya aka ƙwace?

Hawa biyu aka yi. Na farko da bindiga. A zaɓen 1875 'yan Dimokurat na Misisipi suka shirya tsaf, ƙungiyoyin mahaya masu bindigogi suna tarwatsa tarukan Rifablikan, jam'iyyar da baƙaƙe ke bi, ana tare hanyoyin zuwa rumfa, ana gaya wa manomi cewa in ya yi zaɓe to ya nemi wata gonar, kuma yawancin baƙaƙe ba su da ƙasar kansu, noman raba amfani suke a gonakin tsofaffin iyayen gijinsu, bashin iri da na abinci duk a hannun mai gona. An kashe mutane da yawa a Vicksburg a ƙarshen 1874, an sake yi a Clinton a Satumbar 1875. Gwamna Adelbert Ames ya roƙi Washinton ta turo soja, gwamnatin Grant, wanda lokacin ya zama shugaban ƙasa, ta ƙi, Dimokurat suka kwashe majalisa, shi Ames ya sauka a 1876. Zuwa 1877 tarayya ta janye hannunta daga Kudu gaba ɗaya. Daga nan baƙaƙe suna nan a rajista kam, wasu ma suna zaɓen, amma akwatin a hannun wasu yake, su cusa su ƙirga yadda suka so.

Hawa na biyu da takarda ne, wato sabon kundin tsarin mulkin jihar Misisipi na 1890, na yi masa amsa ta daban a ƙasa. Annobar ta faɗo ne tsakanin hawa biyun nan.

Wace irin cuta ce, shawarar da muka sani ce?

Ita ce, zazzaɓin shawara, wanda ake yi wa rigakafi a ba ka katin nan rawaya in za ka fita waje. Sai dai a kula, mu muna kiran duk wani rawayar ido shawara, har ta jarirai da ta ciwon hanta, wannan kuwa ƙwayar bairos ce da wani sauro mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafa ke ɗauka, yana cizo da rana, yana ƙyanƙyasa a ruwan da aka adana a gida, randa, ganga, tankin ruwan sama. Bayan kwana 3 zuwa 6 zazzaɓi ya rufe mutum da ciwon kai da na baya, da yawa su warke daga nan, amma wasu bayan kamar an samu sauƙi sai ta dawo ta kama hanta da ƙoda, ido ya yi rawaya, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi, a yi baƙin amai, kuma cikin waɗanda suka kai wannan matakin kusan rabi ba sa tashi.

Asalinta daga Afirka ne, jiragen cinikin bayi ne suka tsallaka da ita da sauron nata. A 1878 ba wanda ya san sauro ne, ana cewa mugun tururi ne daga ƙazanta da fadama, shi ya sa ake ta ƙona kwalta ana barbaɗa farar ƙasa a tituna. Sai a 1881 likitan Kyuba Carlos Finlay ya nuna sauro da yatsa, a 1900 tawagar Walter Reed ta tabbatar. Wani abin da ya shafe mu, bairos ɗin da aka yi allurar rigakafin da shi an samo shi ne a 1927 daga jinin wani ɗan Gana mai suna Asibi, a aikin wata tawaga da cibiyarta ke Yaba a Legas, Max Theiler ya kammala allurar a 1937.

Ya aka yi ta shigo garin?

Daga New Orleans ta taso a damunar 1878 ta biyo kogin Misisipi da layin dogo. A watan Agusta ta yi wa garin Grenada mummunan kamu, kuma Grenada da Holly Springs layin dogo ɗaya suke. Garuruwa da yawa sun tare hanyoyinsu da bindiga ba shiga ba fita, amma mutanen Holly Springs sun yi imanin garinsu a kan tudu yake, iska mai kyau, ba fadama, cutar ba za ta zauna ba, sai suka buɗe ƙofa ga masu gudowa daga Grenada. Ni ban taɓa iya zarginsu ba wallahi, tausayi ne ya sa, kuma bisa ilimin da ke hannunsu lissafin nasu daidai ne, ba su san cewa baƙon yana ɗauke da cutar a jininsa kuma sauron yana nan cikin tankin bayan gida yana jira ba.

Shigowar Satumba aka fara faɗuwa, magajin garin na cikin na farko-farko. Masu hali suka cika jiragen ƙasa da kekunan doki suka gudu. Garin da bai wuce mutum 3,500 ba, kusan 1,400 suka kwanta, kimanin 300 suka mutu, ginin kotu da ke tsakiyar gari aka mayar asibiti. Ba magani ne ya tsayar da ita ba, sanyin ƙarshen Oktoba ne ya kashe sauro. A duk kwarin Misisipi an rasa wajen mutum 20,000 a wannan shekarar.

Su wa suka tsaya suka yi jinya da binne gawa?

Sunayen da garin ya adana akwai su kuma sun cancanta. Sistocin Katolika masu koyarwa a makarantar Bethlehem sun bar aji suka koma jinya a kotun nan, shida daga cikinsu suka mutu, tare da limaminsu Fada Oberti. W. J. L. Holland ɗan jarida ne da ya jagoranci kwamitin agaji har cutar ta ɗauke shi. Harvey Walter, lauya mai babban gida, ya tsaya ya mutu da 'ya'yansa maza uku. Kinloch Falconer yana sakataren jiha ya dawo garinsu taimako shi ma bai fita ba.

Amma wa ya ɗebo ruwa, wa ya wanke shimfiɗar mai baƙin amai, wa ya haƙa kabari? Gudu kuɗi yake so, kuɗin jirgi da wurin sauka, wanda ba shi da su dole ya zauna, kuma marasa halin akasari baƙaƙe ne. James Wells ɗin da aka kora daga shago saboda ƙuri'a ya tsaya a garin yana zagaya marasa lafiya yana ƙera akwatunan gawa, har ta kama shi, shi da matarsa Lizzie suka rasu kwana ɗaya tsakani, jaririnsu Stanley ma ya bi su. Da 'yarsa ba ta zama shahararriya ta rubuta ba, da yau ba mu san ya yi wannan aikin ba, kuma irinsa nawa ne waɗanda ba su haifi marubuciya ba. Wannan ne ke ci min rai a duk labarin.

Gaskiya ne cewa cutar ba ta kama baƙar fata?

Ba gaskiya ba ne, iyalin Wells kaɗai sun isa amsa. Tsohuwar magana ce, tun annobar Philadelphia ta 1793 aka faɗa wa baƙaƙe haka don su fito jinya, suka fito, da yawansu suka mutu. A 1878 sun kamu da dubbai. Abin da alƙaluman lokacin suka nuna shi ne mutuwar ta fi yawa a cikin turawa, misali a Memphis mutum sama da 5,000 suka mutu, 946 daga ciki baƙaƙe, alhali cikin waɗanda suka rage a birnin bayan an gudu baƙaƙe kusan 14,000 ne turawa kuwa wajen 6,000. Masana har yau suna jayayya kan dalili, wasu na cewa akwai juriyar da aka gado daga Afirka ta Yamma, wasu na cewa ba a tabbatar da hakan ba kuma ƙirgar ma ba a yi ta da adalci ba.

Illar maganar ita ce in an ce ba ka kamuwa to kai ne za a tura ɗakin mara lafiya, kuma in ka kwanta ba kai likita zai fara dubawa ba.

Annobar ce ta jawo aka hana su zaɓe?

A'a, kar a haɗa abin da bai haɗu ba, an riga an murƙushe ƙuri'ar tun 1875 kamar yadda na faɗa a sama. Amma akwai alaƙa ta wasu fuskoki. Ɗaya, jama'ar Arewa sun turo agaji mai yawa, kuɗi da magani da likitoci, gwamnatin tarayya ta turo tantuna da abinci, wani hafsan sojan tarayya Hiram Benner ya jagoranci jirgin ruwan agaji ya mutu da cutar a Vicksburg, jaridun ɓangarorin biyu suka yi ta cewa an zama 'yan uwa, raunin yaƙi ya warke. Masana tarihi da dama na ganin wannan sulhun na turawan Arewa da na Kudu ne, kuma yadda zumuncin ke ƙaruwa haka Arewa ke ƙara kawar da kai daga abin da ake yi wa baƙaƙe a rumfunan zaɓe.

Biyu, 'yan siyasar Kudu da ke ihun kar tarayya ta sa baki a zaɓensu, da yawansu ne suka nemi ta sa baki a harkar killace jiragen ruwa, har aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1879. Sojan da zai tsare mai zaɓe ba a so, amma jami'in da zai tsare tashar ruwa ana maraba. Uku kuma, wahalar da baƙaƙe suka sha ba ta saya musu komai ba a Misisipi. A Memphis dai an ɗauki baƙaƙe aikin ɗan sanda lokacin annobar kuma rundunoninsu na sa kai sun tsare birnin, amma hakan ma bai ɗore ba. Ba mamaki a 1879 dubban baƙaƙe daga Misisipi da Luwiziyana suka tattara suka nufi Kansas.

Me aka rubuta a kundin 1890 da ya fi bindiga aiki?

Ba a ambaci launin fata ba ko sau ɗaya a sharuɗɗan zaɓen, saboda gyara na 15 ya hana. Sai aka ce duk mai son zaɓe ya biya harajin dala 2 a shekara ya kuma nuna rasit na shekara biyu, ya zauna shekara 2 a jiha da shekara 1 a mazaɓarsa, wanda manomin haya mai yawan ƙaura ba zai cika ba, sannan ya karanta wani sashe na kundin ko a karanta masa ya yi bayani yadda zai gamsar da mai rajista. Mai rajistar kuwa bature ne ɗan jam'iyya, shi zai zaɓi sashen shi zai ce ka ci ko ka faɗi, malamin makaranta baƙi ya faɗi, bature da bai iya rubuta sunansa ba ya wuce. Aka ƙara da jerin laifuffuka da aka zaɓo da gangan, irin su sata da auren mace fiye da ɗaya, wanda aka samu da su ya rasa ƙuri'a har abada, amma kisan kai ba ya cikin jerin a lokacin.

Shugabannin taron da ya rubuta kundin ba su ɓoye ba, a fili suka ce don cire baƙaƙe suka taru. Baƙar fata ɗaya tak ne a cikin wakilan, Isaiah Montgomery, kuma ya goyi baya, abin da har yau ake muhawara a kansa. Zuwa 1892 cikin maza baƙaƙe kusan 147,000 da suka isa zaɓe, waɗanda ke rajista ba su kai 9,000 ba, talakawan turawa ma da yawa harajin ya zubar da su. A 1898 kotun ƙoli ta ce kundin bai saɓa doka ba, sauran jihohin Kudu suka kwafa.

Ina Ida take lokacin annobar, kuma me ya same ta bayan nan?

Tana ƙauye wurin kakarta, shekararta 16, aka kawo takarda cewa iyayenta sun rasu. Aka hana ta komawa ta ƙi, jirgin fasinja ma ba ya shiga garin sai ta hau na kaya. Abokan babanta suka zauna za su rarraba yaran gida-gida, ta ce ba za a raba su ba ita za ta riƙe su, ta yi jarrabawar malanta ta ci, ta saki tsawon rigunanta don a ga kamar babba ce, aka ba ta makarantar ƙauye mil 6 daga gari kan dala 25 a wata, tana zuwa a kan alfadari, ƙarshen mako ta dawo ta yi wanki da girki.

Daga baya ta koma Memphis ta zama 'yar jarida. A 1892 gungun turawa suka fitar da abokinta Thomas Moss da abokan kasuwancinsa biyu daga kurkuku suka kashe, ta shiga binciken irin wannan kisan gilla tana wallafawa, aka farfasa ofishin jaridarta, ta bar Kudu. A Chicago ta kafa ƙungiyar neman ƙuri'ar mata baƙaƙe a 1913, har ta tsaya takarar majalisar jihar Illinois a 1930, ta rasu a 1931.

Yaushe ƙuri'ar ta dawo?

Sai bayan shekara 75. A 1964 baƙaƙen Misisipi da ke rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. A bazarar wannan shekarar ɗaruruwan ɗalibai suka shigo jihar aikin rajista, Holly Springs na cikin manyan sansanoninsu, ofishinsu dab da Rust College, kuma a wannan aikin ne aka kashe matasa uku a gundumar Neshoba. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta soke jarrabawar karatun, a 1966 kotu ta soke harajin, zuwa 1967 rajistar ta kai wajen kashi 60. Holly Springs ba ta samu magajin gari baƙar fata ba sai 1989, Eddie Smith. Jerin laifuffukan nan na 1890 kuwa, da 'yan gyare-gyare, har yanzu yana aiki a jihar, an kai ƙara amma a 2023 kotun ƙoli ta ƙi sauraro.

In mutum ya je garin yau me zai gani?

Daga Memphis tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. Kotun tana nan a tsakiyar dandali. Tsohon cocin Katolika an mayar da shi gidan tarihin waɗanda suka mutu a hidimar annobar, a maƙabartar Hill Crest akwai kaburburan sistocin da na Revels. Rust College na nan tana karatu, tsallaken titi kuma za ka ga kangayen wata kwalejin baƙaƙen da Bishop Elias Cottrell ya kafa a 1905 aka rufe a 1982. Gidan Spires Bolling ma yana tsaye, shi ne yanzu gidan tarihin Ida B. Wells, in za ka je ka fara tuntuɓa don ba kullum yake buɗe ba.